Ƙasar da Aka Tankaɗe

Daga sansanin aikin hanya

Kawu,

Sallama, da gaisuwa mai yawa. Ina fata kuna lafiya kai da iyali, kuma bayan nan naka ya daina yi maka gardama in ka sunkuya. Yaya gwiwar Umma? A gaya mata ina shan maganin da ta aiko, ko da yake ban san ciwon da take zargina da shi ba. Ni lafiya lau nake, sai rana da ƙarar injina. Har yanzu waya ba ta kamawa a nan sai mutum ya hau tudun tsakuwa, ko na hau ɗin ma kunnenka da waya ba sa jituwa, don haka mu ci gaba da wahalar da direban tifa.

Bokitin fentin da ka ba shi ya iso, cike da ƙasa, an ɗaure murfinsa da ƙyalle kamar tsaraba. Na karanta takardar da ke tare da shi: ka cike ramin nan da ke bayan gidanka, kana so ka gina wa Umma ɗakinta a kai kafin damina, maƙwabcinka Mai Jarida ya ce ginin zai nutse, kai kuma kana so 'yar da aka kai jami'a ta rufe masa baki.

To, na yi abin da ake yi. Muna da wani kofin ƙarfe mai nauyi a ɗakin gwaji. Ana zuba ƙasa a ciki sau uku, kowane zubi a dake shi da guduma sau ashirin da biyar, a auna. Sai a ƙara ruwa kaɗan a sake, a ƙara a sake, har a gano danshin da ƙasar ta fi matsuwa da shi. Nauyin da ta kai a nan shi ne ɗari bisa ɗari. Duk ƙasar da za a ɗora wa gini sai ta kai casa'in da biyar na wannan a inda take kwance.

Ƙasarka kuwa, Kawu, shekara tara ina wannan aiki ban taɓa ganin irinta ba. Ba tsinke, ba dutse, ba ko guntun leda. Da irinta ce a hanyar nan tamu, da na kulle ɗakin gwaji na tafi hutu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ramin da na sani tun ina yarinya nan duk unguwa ke zubar da shara, har mushen kare na taɓa gani a ciki. Ko ramin ya tuba ne?

Saboda haka ka ji da kyau. Abin da na gwada shi ne abin da ke cikin bokiti. Bokiti bai gaya mini yadda ƙasar take kwance a ramin ba, balle abin da ke ƙarƙashinta. Matsuwar ƙasa a wurinta ake aunawa, da zarar an haƙo ta an ɓata amsar. Kada a zuba kankare sai an gwada a wurin. Ka rubuto mini: an kwashe sharar kafin ciko? Zubi nawa aka yi, kowanne kaurinsa nawa?

Kuma ba mai aikin ke zaɓar inda za a gwada ba. Foman ɗinmu na nan, mutum mai fara'a, kullum yana da wani wuri da yake so ya nuna mini, kuma kullum wurin shi ne inda rola ke juyawa sau goma a yini. Ni kuwa sai in juya wa filin baya, in jefa dutse ta kan kafaɗata, inda ya faɗi nan za a haƙa. Makon jiya dutsen ya sa an tone rabin kilomita an sake. Tun ranar gaisuwarsa ta gajarce.

'Yarka.

* * *

'Yar Yaya,

Sallamarki ta iso, mun amsa. Muna lafiya. Bayana da sauƙi tun da na daina ɗaukar bulo da kaina. Gwiwar Yaya tana nan yadda kika bar ta, in an yi sanyi ta kumbura. Maganin na ƙarin jini ne, ta ce a hoto kin rame.

Allah ya yi miki albarka, takardarki ta yi aikin da na aike ta. Ranar da ta iso na tarar da Mai Jarida a shagon aski, na karanta masa a gaban mutum shida: shekara tara ba ki taɓa ganin irinta ba. Na maimaita masa wurin kulle ɗakin gwaji. Ya ce in ba shi ya karanta da kansa, na ce tabaransa na jarida ne, ba na injiniyoyi ba. Yanzu takardar na cikin leda a aljihuna na gaba, duk wanda ya zo kallon aiki sai ya ji ta. Yaya kanta ta ji ta ya fi sau ashirin.

Tambayoyinki kuma. Sharar ai ta shekara da shekaru ce, ta riga ta zama ƙasa, me za a kwashe? Tifa tara na jar ƙasa aka juye a kai, cikin kwana uku aka baje. Sannan aka yi mako guda ana yayyafa ruwa ana daɓe sama, ni da kaina na tsaya a kai. Yanzu in kika buga dunduniya sai ƙafarki ta yi zafi. Shekara talatin da shida ina gini, dunduniyata ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Sauran bayanin naki, na guduma da jifa, na gane irin abin da ake sa ku rubutawa ne don kada a kama ku da laifi, kamar rubutun jikin kwalin magani.

An ja igiya, an fara haƙar fandisho. Ki sani Yaya ta gaji. Wata goma sha ɗaya ke nan tana kwana a falona, tun da mai gidan haya ya karɓi gidansa. Kullum da sassafe sai ta naɗe katifa ta jingina a bayan kujera kafin yara su fito, kayanta na cikin akwati biyu ƙarƙashin teburin talabijin. Ba ta taɓa ƙorafi ba, kin san ta. Amma jiya na gan ta tsaye a filin tana auna faɗin tagar da ba a gina ba da gyalenta, wai don labule.

Kawunki.

* * *

Kawu,

Gaisuwa. Na ji daɗin labarin bayanka. A riƙa shafa wa Umma man zafi da yamma, a kuma gaya mata ban rame ba, hular kwano ce ke ƙara wa fuska tsawo.

Ashe takardata ta zama waƙa a shagon aski. Na cika maka shafi biyu, ka tsinci jimla biyu ka sa a leda, kuma su biyun ba'a ce. Ba'a nake yi, Kawu. Na ɗauka duk wanda ya san ramin nan, ya kuma ji na tambaya ko ya tuba, zai gane ba yabo ba ne.

Bayan na karanta taka sai na koma kan ragowar bokitin. Muna da rariyoyi jere, daga mai manyan idanu zuwa mai ƙanana, ana girgiza ƙasa ta bi ta cikinsu don a ga girman ƙwayoyinta. Kowace ƙasar Allah tana barin wani abu a rariyoyin sama. Taka ta wuce huɗun farko ba ta bar ko ƙwaya ɗaya ba. Abokin aikina ya leƙo ya ce, "Wannan a wane kanti aka sayo ta?" A gindin bokitin kuma na sami wani farin gari. Na ɗiga masa ruwa, ya yi danƙo. Fulawa ce.

An tankaɗe ƙasar nan da rariyar kicin kafin a aiko mini. Na saba da 'yan kwangila masu ɗebo samfur a wani wuri su ce na wurin aiki ne, har fuskar da suke yi na sani. Ban taɓa zaton zan kama ƙanin uwata da wannan ba, kuma a kan ɗakin da uwata za ta kwana.

Tifa tara a zubi ɗaya. Madaɓin hannu ba ya ratsa ƙasa fiye da tsawon tafin hannu. Abin da ka yi ɓawo ne: sama tauri, ciki sako-sako, ƙarƙashi kuma leda da tsumma da gwangwani suna jiran ruwan farko. Ba ranar da aka gama ginin zai nuna ba. Damina ɗaya ko biyu kusurwa ta zauna, bango ya tsage, ƙofa ta ƙi rufuwa, sauran ba na son in rubuta.

Na ba direba akwati. A ciki akwai kwalbar yashi mai mazurari, faranti mai huda a tsakiya, ƙaramin sikeli da jadawali. Ka ɗora farantin a ƙasa, ka haƙa rami ta cikin hudar, zurfin tafin hannu. Ka tattara duk abin da ya fito, ka soya a kasko har ya bushe, ka auna. Sannan ka kifa kwalbar, yashi ya cika ramin, ka auna yashin da ya rage. Nemi lamba ɗaya a gefen jadawali, ɗayar a samansa, inda suka haɗu ita ce amsarka. Ƙasa da casa'in da biyar, ba gini. A cikin fandisho za a gwada, inda dutse ya faɗi.

Kuma ka cire sunana daga aljihunka.

'Yarka.

* * *

Injiniya,

Muna lafiya. Yaya tana lafiya. Na fara da wannan ne don mu an koya mana buɗe takarda da gaisuwa ko ga wanda ya zage mu.

Ni kika kama? Ni na tankaɗe ƙasa? Na karanta takardarki a tsakar gida da ƙarfi, sau biyu, don kowa ya ji abin da ake koyarwa a jami'a. Matata ta riƙe baki. Yaya ta tashi ta shiga banɗaki ta daɗe, kin ga abin da kika jawo. Da hannuna na cika bokitin nan daga gefen ramin, na rufe, na ajiye a bayan ƙofa har ranar da direba ya zo. Ban san inda ake rataye rariya a gidana ba. In akwai fulawa, ki tambayi masu girkin sansaninku.

Ɗakin da aka kwantar da ke ranar da aka haife ki, ni na yi daɓensa, har yau ko tsaga babu. Makarantar da kika fara zuwa, ajinku na biyu daga ƙofa, wa ya ɗora bulonsa? Yau ni ake aiko wa jadawali, ana cewa in soya ƙasa kamar mai koyon tuya.

Amma na yi, don kada ki ce tsoro na ji. Na kira Mai Jarida ya riƙe sikelin, shi da ba ya ƙaunata, ya karanta lambobin da bakinsa. Farantin naki bai zauna daidai a cikin fandisho ba, sai na nemi wuri shimfiɗaɗɗe a bakin shiga, inda baro ke bi. Jifa kuwa ban yi ba, ni ba yaro ba ne. Na soya, na auna, na bi jadawali da yatsa. Casa'in da bakwai. Kin ce casa'in da biyar, na ƙara miki biyu kyauta.

Asabar ta sama za a zuba kankare. An kawo tsakuwa da yashi, an ɗaure rodi, na yi magana da mai injin kwaɓa da leburori takwas. Hadari ya fara haɗuwa da yamma.

Abu ɗaya zan ƙara. Da sauƙi mutum ya zauna nesa ya ce a jira. Ba ke kike ganin tsohuwa tana jan katifa da gwiwa ɗaya ba. Wata goma sha huɗu rabonki da gidan nan. Muna samun lambobi daga wurinki, kashi kaza cikin ɗari, ke ce dai ba ma samun ko kashi ɗaya.

Takardarki ta farko na cire ta daga aljihu kamar yadda kika ba da umarni. Ta biyun ce a ciki yanzu.

Kawunki, magini.

* * *

Kawu,

Ina gaishe ka, kuma har zuciya. Ina fata wannan ta same ku lafiya, ta kuma same ku kafin Asabar. Tifar direba na kan jak tun shekaranjiya, an tafi neman ƙarfen da ya karye. Na ba wani mai tankar ruwa wannan, ya ce zai bi ta wajenku in hanya ta kai shi. Na hau tudun tsakuwa sau huɗu, wayarka a kashe, ta matarka tana shiga ba a ɗauka.

Casa'in da bakwai a hanyar baro. Ina taya hanyar baro murna. In a kanta Umma za ta kwana, na janye duk abin da na faɗa. Wurin da ka zaɓa shi ne wanda foman ɗinmu zai zaɓa, kuma shi ma ba don mugunta yake yi ba. Ido ne ke jan mai aiki zuwa inda aikinsa ya fi kyau. Shi ya sa ake juya baya.

Ka shiga fandishon, ka faɗaɗa wuri ɗaya, ka haƙa har ƙugu, ka gwada a can. Aikin rabin yini ne. In ya kai casa'in da biyar zan zo in tsaya a shagon aski in nemi gafararka a gaban mutum shidan nan.

Maganar tankaɗe kuma, na yi kuskure. Na ɗora maka abin da ba ka yi ba, ka yafe mini. Ƙyallen da aka ɗaure murfin bokitin da shi yana rataye a ƙusa a ɗakina, jiya na tsaya na dube shi da kyau. Ɗaurin nan mai kunne biyu, ɗaya ya fi ɗaya tsawo, da shi aka ɗaure mini kwanon abinci shekara shida ina firamare. Kada ka yi wa Umma faɗa. Kada ma ka ce na gane.

Wata goma sha huɗu gaskiya ne. Na nemi hutun kwana uku, shugabana ya ce in bari a gama shimfiɗa tsakuwa, wai babu mai sa hannu in ba na nan. Na ce masa to, kuma ban ji daɗin kaina ba. Amma rashin zuwana ba zai matse ƙasar nan ba, fushinka ma haka.

Kada a zuba.

'Yarka.

* * *

Kawu,

Gaisuwa. Kuna lafiya? Yau kwana goma sha tara ban ji komai ba. An yi ruwa sau biyu a nan. Direba ya tada tifarsa, ya ce ya wuce ta bakin layinku bai shiga ba, amma ya hango tarin ƙasa. Na tambaye shi ja ko baƙa, ya ce shi tuƙi yake yi.

In an zuba, ka gaya mini an zuba. Ba zan yi ba'a ba. Zan dai roƙi kada a sa gadonta ta wajen tsakiyar ramin.

'Yarka.

* * *

'Yar Yaya,

Lafiya muke, sai gajiya. Bayana ya dawo da gardamarsa, dalilin na zuwa. Gwiwar Yaya kuwa ta samu wani sauƙi da ban gane masa ba. Takardarki ta hannun mai tankar ruwa ta iso ranar Talata, kwana uku bayan Asabar, a jiƙe, a hannun wani mai facin taya. Ban amsa da wuri ba don ban ga dama ba.

Ba a zuba ba. Kada ki yi saurin jin daɗi, ba ke kika hana ba.

Ranar Asabar da safe an tada injin kwaɓa, an fasa buhun siminti biyu, sai ga Yaya ta fito da 'yar kujerarta ta katako. Ta sa aka riƙe mata hannu, ta sauka cikin fandisho, ta zauna a kan rodina. Na ce, "Yaya, lafiya?" Ta ce, "Ni na tankaɗe." A gaban leburori takwas da Mai Jarida, wanda ba a gayyata ba. Wai da ta buɗe bokitin ta ga leda da ƙashi da guntun silifas, sai ta ce ba za a buɗe wannan a ofishin 'yarta a gaban abokan aikinta a ce daga gidansu aka aiko ba. Kwana biyu tana tankaɗe a lungu in na fita. Na ce to an ji, Allah ya yafe mana, ki taso. Ta ce, "Ba mai aikin ke zaɓar inda za a gwada ba." Kalma bisa kalma. Sau ashirin na karanta takardar nan a gabanta, ashe wuraren da nake saurin wucewa su ta fi riƙewa.

Na ce mata ɗakinta ne zai makara, ruwa na bisa kai, za ta ƙara wata daminar a falo. Ta ce falon ta san shi, ramin ne ba ta sani ba. Ta sa aka fito da ita, ta juya wa filin baya, ta cire takalminta ta jefa ta kan kafaɗa. Ya faɗa kusurwar gabas.

Muka haƙa. Ba a yi nisa ba shebur ya fara shiga ba sai an taka shi ba. Na gwada a nan, Mai Jarida na riƙe da sikeli da wata fuska da zan so in manta. Saba'in da huɗu. Zuwa ƙugu ƙasar ta koma baƙa, wari ya taso, muka ciro rabin taya da katifar soso da wani kwanon gini da na gane nawa ne, na jefar shekara goma da suka wuce. Na soka rodi na jingina da shi, ya tafi har hannuna. Ni dama tun ranar Alhamis dunduniyata ta fara gaya mini wani abu game da kusurwar nan, lokacin saurarenta ne ban samu ba.

An kwashe duka har ƙasa ta asali, kwana goma sha ɗaya ana yi. Yanzu ana mayar da jar ƙasar kaurin tafin hannu, a yayyafa, a daɓe, a gwada, sannan a ƙara. Abin da nake so ki sani shi ne halin da kika jefa ni. Uwarki ta zama sufeto. Tun safe tana kan kujera da laima, kowane zubi ita ke jifa, kuma takalmin nan bai taɓa faɗawa tsakiya ba, kullum gefe ko kusurwa, inda madaɓi ke wuyar kaiwa. Na ce tana leƙe, ta ce in kawo shaida. Ta kayar mini da zubi na biyu a casa'in da uku, na huɗu a casa'in da huɗu. Casa'in da huɗu fa, 'Yar Yaya. Na ce ɗaya ne kawai ya rage, ta ce in rubuto in tambaye ki ko ɗaya ba lamba ba ce. Ba tambayarki nake yi ba, labari nake ba ki.

Ɗakin sai bayan damina. Jiya an yi ruwa, mun rufe wurin da tamfol, ita kuma ta koma falonta. Na sa an mayar da talabijin ɗakina, yara na fushi da ni, amma ta daina naɗe katifa.

Neman gafarar da kika yi na karɓa. Shagon aski kuwa na daina zuwa, matata ke yi mini.

Ga saƙonta, ta ce in rubuta yadda ta faɗa: rariyarta ta mutu, ƙasa ta cinye idanun, ki taho mata da sabuwa. Na ce ai direba zai iya kawowa, ta ce ba direba ta haifa ba. Zubi uku suka rage.

Kawunki.

* * *

Kawu,

Gaisuwa, da sannu da aiki, kuma babu ba'a a ciki. Daga yau in na yi ba'a zan riƙa ja mata layi a ƙasa. A gaida bayanka. A gaida dunduniyarka ma, tunda ta farfaɗo. Ka ga layin.

Ɗaya lamba ce. Sufeto ta yi daidai.

Ka gaya wa Umma, abokin aikin nan nawa da ya tambayi kantin da aka sayo ƙasar, na ba shi labarin duka. Bai yi dariya ba. Ya ce da tasa uwar ce wanke ƙasar za ta yi.

Na koma wurin shugabana. Ya ce babu mai sa hannu in ba na nan, na ce to kada a sa har in dawo, hanyar ba guduwa za ta yi ba. Da foman ya ji zan yi kwana biyar ba na nan, ya gaishe ni har da tambayar mutanen gida.

Zan biyo direba ranar Jumma'a, da rariyar a jakata. A falo zan kwana, a bar mini gefen katifa. Ku yi zubi biyu, ku bar na ƙarshe. Ni zan jefa, kuma ka sani tun yanzu, Kawu, hannun nan a wurinta na gaje shi.

'Yarka.